Ƙwan kifin enjel yana yin fari, waɗanda suka ƙyanƙyashe kuma ba sa wuce mako

Sabon-Shiga:

Assalamu alaikum masu kiwon kifin ado. Shawara nake nema a kan kifin enjel. Tankin gilashi ne mai cin lita 120, da enjel biyar a ciki, da wasu ƙananan kifaye masu yawo a garke, sai kifin nan mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka guda ɗaya. Biyu daga cikin enjel ɗin sun ware kansu suna korar sauran, kuma sau uku ke nan suna yin ƙwai a jikin bututun filta. Na farko kafin gari ya waye babu ko ɗaya. Na biyu ya kwana, amma fiye da rabi ya yi fari fat, ya fito da gashi kamar auduga. Na uku na cire bututun gaba ɗaya na sa a roba, wajen 30 suka ƙyanƙyashe, na dinga ba su garin abincin manya da gwaiduwar dafaffen ƙwai, cikin mako duk suka mutu. Ruwan burtsatse ne, kuma yanzu da sanyi ya shigo ma'auni yana nuna digiri 24, wani lokaci 23 da asuba. Don Allah ina kuskuren yake?

Sarkin Ruwa:

Wa alaikumus salam, Malam, sannu da ƙoƙari. Matsala uku ka kawo, kowacce da sanadinta.

Ɓacewar ƙwai cikin dare ba abin mamaki ba ne a tankin haɗaka. Da rana iyayen suna gadi, da ka kashe fitila gadin ya ƙare, shi kuwa mai lasar gilashin nan dare ne ranarsa, zai bi ta kan ƙwan ya share shi tas. Su ma iyayen idan suka ga abin ya fi ƙarfinsu sukan cinye abinsu da kansu.

Zancen farin ƙwai shi ya fi buƙatar bayani. Abu na farko da ake dubawa shi ne ko akwai namiji ma, domin mata biyu sukan haɗu su share wuri su zuba ƙwai kamar miji da mata, ƙwan kuma duk ya lalace. Ana gane su ne a ranar zubin ƙwai, ta ɗan bututun da ke fitowa a ƙasan ciki: na mace mai kauri ne, bakinsa a dakushe, na namiji siriri ne mai tsini. Tudun goshi da wasu ke dogara da shi yana yaudara. To amma kai tunda 30 sun ƙyanƙyashe, kana da namiji, wannan an gama. Abin da ya rage shi ne me ya sa ƙwan da yawa bai samu maniyyi ba, kuma amsar tana cikin bayaninka: a jikin bututun filta suke yi. Mace tana jera ƙwai layi-layi daga ƙasa zuwa sama, namiji ya biyo bayanta yana fesa maniyyi, idan ruwa yana gudu a wurin sai ya kwashe maniyyin kafin ya taɓa ƙwan. Ƙara da cewa namiji sabon balaga yakan tsallake layi. Ƙwan da ya samu yana zama ruwan zuma-zuma, kana ganin haske ta cikinsa, wanda bai samu ba kuma cikin awa 24 yake yin fari. Audugar da ka gani funfuna ce, a kan mataccen ƙwai take farawa, sannan ta miƙa ta shaƙe masu rai da ke kusa. Ke nan ita ce ta biyu a zuwa, ba ita ta fara kashe su ba.

Ka ware musu tankinsu su biyu. Lita 70 zuwa 80 ya isa, amma tsayinsa kada ya gaza santimita 40, saboda wannan kifi tsayinsa daga fiffiken sama zuwa na ƙasa ya fi tsawon jikinsa. Kada ka zuba tsakuwa ko yashi a ƙasa, bar gilashin fili yadda za ka ga duk ƙazantar da ta kwanta. Filtar soso za ka sa, wadda iska ke turawa, kuma ka fara jefa ta cikin tsohon tankin ta yi mako 3 tana aiki kafin ka kai ta sabon, don ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, su zauna a cikinta. Sabon soso ba ya tace komai sai datti mai ganuwa. Samo guntun tayil mai faɗin santimita 10 da tsawon 25 zuwa 30, ka wanke shi da ruwa zalla, ka jingina shi a tsaye da ɗan karkace, nesa da filta. A kogin Amazon na Kudancin Amurka, inda asalin enjel (Pterophyllum scalare a sunan kimiyya) yake, a kan faffaɗan ganye da saiwoyi suke zubi, shi ya sa suke son wuri a tsaye.

Digiri 23 zuwa 24 ya yi sanyi. Hita mai wat 100 ka saita ta a 27 ko 28. A kan ruwan burtsatse kuwa, duba butar da kuke dafa ruwa: idan farin ɓawo yana kama cikinta da sauri, ruwanka mai nauyin ma'adini ne, kuma irin wannan yana rage yawan ƙyanƙyasa. Sai ka gauraya shi rabi da rabi da ruwan sama mai tsabta da aka adana, ko wanda inji ya tace ya cire masa ma'adini, amma a hankali cikin mako guda, kada ka juye musu ruwa a rana ɗaya. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 7.2 ya yi. Kada ka bi shi da magungunan sauke pH, hawa da saukar da suke jawowa ta fi illa. Ko wane ruwa ne, tara shi a bokiti ya kwana da dutsen iska, wato ɗan dutsen da ake sa wa a bakin tiyon famfon iska yana fitar da kumfa, a ciki kafin ya shiga tanki.

Idan sun yi ƙwai kuma kana son ka raine shi da kanka, jira awa 1 zuwa 2 bayan sun gama, don namiji ya gama zagayensa. Cika mazubi mai lita 8 da ruwan tankin iyayen, ka ɗauko tayil ɗin ka tsoma nan take. Daƙiƙa biyu ko uku a iska ba komai, bushewa ce ke kashe shi. Ajiye dutsen iska kamar yatsa uku daga ƙwan, yadda ruwa zai riƙa wucewa ta kansa amma kumfar ba ta dukansa. Wannan shi ke maye gurbin fifitar da iyaye ke yi da fiffikensu. Sai metilin bulu, shuɗin maganin da ke hana funfuna: idan mai ƙarfin kashi 2.3 cikin ɗari ne, mililita 1 ya ishi lita 8. Kada ka zuba shi a tanki mai filta, yana kashe bakteriyar soson. Fararen ƙwai ka tsince su da tsinken allura ko ka zuƙe da sirinji, in kuwa sun manne da masu kyau ka ƙyale su, maganin zai tsare funfunar.

A digiri 27 ƙwai yana fashewa cikin awa 60 ko kusa da haka. Za ka ga 'yan wutsiyoyi suna rawa, kansu a manne da tayil da wani ɗan zare mai danƙo, wasu su faɗo ƙasa su dunƙule. Daga ranar ka fara canza rabin ruwan kullum da mai zafi iri ɗaya har shuɗin ya fita. Sai sun ƙara kwana 4 zuwa 5 kafin su tashi iyo, wato kusan rana ta 7 daga zubi.

Maman Ilham:

Malam Sarkin Ruwa ya gama da ƙwai, bari in ɗora a kan mutuwar 'ya'yan, don a nan mafi yawan mutane suke asara.

Ɗan'uwa, yaushe ka fara ba su abinci? Idan tun ranar da suka ƙyanƙyashe ne, to nan aka fara ɓata ruwan. A kwanakin nan da suke manne suna rawa, kowanne yana ɗauke da jakar gwaiduwarsa a ciki, ita yake sha, bakinsa ma bai gama buɗewa ba. Duk abin da ka zuba ƙasa zai kwanta ya ruɓe, su kuma a ƙasan suke kwance. Ba a ba su komai sai ka ga sun tashi gaba ɗaya suna iyo a tsakiyar ruwa kamar garken sauro.

Bayan sun tashi kuma, abin da ke motsi kawai suke kai wa cafka. Garin abincin manya zai wuce ta gaban bakinsu ba su kula shi ba, yunwa ta kashe su cikin kwana 3 zuwa 4 alhali abinci yana kwance a ƙasa yana zama amoniya. Gwaiduwar ƙwai sukan ɗan ci, amma babu abin da ya kai ta saurin lalata ruwa. Abincinsu na farko atimiya ce sabuwar ƙyanƙyasa, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri dangin jatan lande. Ƙwanta busasshe ne kamar garin ƙasa mai ruwan kasa, a gwangwani ko leda, kuma masu sayar da kayan ƙyanƙyasar tarwaɗa suna ajiye ta, don ita ake ba jariran tarwaɗa.

Ga yadda ake ƙyanƙyashe ta. Yanke gindin gorar ruwa mai lita 1.5, ka kifa ta murfi a ƙasa. Zuba ruwa lita 1 da gishiri giram 25 zuwa 30, kimanin cokalin cin abinci biyu ba a tula ba, gishirin da ba shi da aidin ya fi. Ƙwan atimiya rubu'in ƙaramin cokali ya wadatar da haihuwa ɗaya. Tura siririn tiyon iska har ƙasan gorar, ba tare da dutse ba, iskar ta yi ƙarfin da ƙwan ba zai kwanta ba. A digiri 27 zuwa 28 da haske a kansa, awa 18 zuwa 24 ya ƙyanƙyashe, in da sanyi yakan kai awa 36. Sai ka cire iskar ka bar shi minti 5 zuwa 10: ɓawon zai taso sama, masu ran su taru ƙasa kamar jan hayaƙi, musamman idan ka haska musu tocila a wurin. Zuƙo su da tiyo ka tace a hankici mai laushi, ka ɗauraye da ruwan daɗi, sannan ka ba kifi. Kiyaye ɓawon, yana toshe cikin jarirai. Ruwan gishirin kuma kada ya bi su cikin tanki.

Gora biyu ake yi, ɗaya da safe ɗaya da yamma, saboda atimiya tana cinye gwaiduwarta ita ma, bayan kamar awa 12 amfaninta ya ragu, ta kuma ƙara girman da ƙaramin baki ba zai iya ba. Gorar farko ka ɗora ta a rana ta 6 daga zubin ƙwai, don ranar da suka tashi abinci na jiransu. Sauran ƙwan a rufe shi ruf a firji, damshi na kashe shi.

Ciyarwa sau 3 zuwa 4 a rana, kaɗan-kaɗan. Alamar sun ci ita ce cikinsu ya yi tulu, launin lemo, ana hango shi ta fata. Idan bayan minti 20 akwai sauran atimiya da yawa tana yawo, ka cika hannu, rage a gaba. Ita atimiya 'yar ruwan gishiri ce, a ruwan daɗi awa kaɗan take yi ta mutu, don haka kowace yamma sai an share ƙasan tanki. Ɗaure siririn tiyon iska a jikin tsinke, ka bi ƙasa da shi kana zuƙewa cikin farar roba, don in ka zuƙo jariri ka gan shi ka mayar. Canza kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan kullum. Sabon ruwan ya shiga ta tiyo a hankali, kada a kwarara.

Waɗanda za ka gani suna jan ciki a ƙasa, su yi tsalle su sake faɗowa, jakar iskarsu ce ba ta cika ba. Ƙazantar ƙasa da sanyi a makon farko su ne kan gaba wajen jawo haka, kuma da wuya irin waɗannan su gyaru.

Sabon-Shiga:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Gaskiya tun ranar farko na fara zuba musu gwaiduwa. Saura tambaya biyu. Idan na ware iyayen, dole ne in ɗauke ƙwan, ko zan iya bar musu? Sannan hita da famfon iska duk wuta suke so, ga yadda ake ɗauke ta.

Na-Bakin-Kogi:

Malam Sabon-Shiga, a nan ni na ɗan saɓa da Sarkin Ruwa. Ɗauke ƙwai dabara ce ta mai son yawa, wanda zai kai kasuwa. Ga mai tanki ɗaya ko biyu a gida, barin iyaye su yi aikinsu ya fi sauƙi, kuma da matsalar wutar da ka ambata ya fi aminci. Dutsen iska yana tsayawa da an ɗauke wuta, uwa ba ta daina fifita. Su suke tsince mataccen ƙwai da baki tun kafin funfuna ta kama, su kwashe jariran daga tayil zuwa wani wurin da suka share, wanda ya faɗo su ɗauko shi su tofa shi cikin 'yan'uwansa. Mai kallo yakan zaci cinyewa suke yi ya yi gaggawar raba su, alhali ɗauka ce.

Sharaɗin shi ne kwanciyar hankali. Tankin ya kasance inda ba a yawan wucewa, ka rufe gefe uku da kwali ko takarda, yara su daina ƙwanƙwasa gilashi. Bar ƙaramar fitila mai rauni a ɗakin duk dare, irin mai caji, domin duhu na farat ɗaya da haske na farat ɗaya su ke firgita su su afka wa ƙwan. Ci gaba da ciyar da su kamar kullum, kada ka ce za ka yi babban share-share a kwanakin. Ka ba su dama sau 4 ko 5. Sabbin iyaye da yawa sai sun ci na farko-farko kafin su iya, wasu kuwa har abada ba sa koya, to waɗannan sai a koma ga hanyar tayil da metilin bulu. Idan sun riƙe, raba su da 'ya'yan bayan mako 2 zuwa 3 da tashi iyo. In ka wuce haka, ko dai iyayen su so sabon zubi su fara korar 'ya'yan, ko 'ya'yan su fara tsattsagar fata da fiffiken iyayen. Idan kuma miji da matar suka fara faɗa a kan renon, cire wanda ake kora, ɗaya ya isa.

Akwai wani amfanin: macen da ake kwashe wa ƙwai takan sake zubi duk kwana 7 zuwa 14, kuma hakan na zuƙe ta. Reno yana ba ta hutu.

Zancen wuta, iska ta fi zafi gaggawa. Akwai ƙaramin famfon iska mai aiki da USB, fawa banki ɗaya yana riƙe shi dare guda, wannan kada ka rasa shi. Soson filta ma idan ya daɗe ba ruwa na ratsa shi bakteriyarsa mutuwa suke yi. Zafi kuwa ruwa mai yawa ba ya saurin sakinsa, ƙaramin mazubi ne ke hucewa nan da nan. Saboda haka idan ka ɗauke ƙwai, sa mazubin ya yi iyo a cikin babban tankin, ka maƙale shi a baki. Da hunturu manna farin soson kwali na cikin kayan lantarki a gefe da ƙasan tanki, ka rufe sama, da dare ka lulluɓa bargo ka bar ɗan wurin shigar iska. In ya sauka ƙasa da 25, cika gora da ruwan ɗumi ka rufe ka jefa ciki. Kada ka zuba ruwan zafi kai tsaye. Da bazara kuma akasin haka ne: ruwa ya wuce digiri 30, iskar da ke cikinsa ta ragu, bakteriya su yi yawa, ƙwai ya riƙa lalacewa a rana ta biyu. Cire murfi, juya fanka ta riƙa busa saman ruwan, ƙara ƙarfin iska.

Sarkin Ruwa:

Ban ƙi ta Malam Na-Bakin-Kogi ba, a gwada iyayen tukuna. Sai dai ko wace hanya ka bi, ka tanadi wurin da za ka kai su, don wannan shi mutane ke mantawa. Zubi ɗaya na macen da ta ƙosa yana kai ƙwai 300 zuwa 500, wani lokaci fiye. Ko 150 ne suka rayu, tankinka mai lita 80 mako 3 zuwa 4 kawai zai ɗauke su. Cunkoso shi ke kawo lanƙwasasshen fiffike, da guntun murfin kunne (wanda ke rufe wurin numfashinsu), da waɗanda suka tsumbure ba sa girma, kuma fiffiken da ya lanƙwashe a wata na farko ba ya miƙewa.

A mako na 3 za ka ga fiffiken sama da na ƙasa sun fara miƙewa, sun fara kama da iyayensu. A nan ake fara haɗa musu da abincin gwangwani da aka murƙushe ya yi laushi, a ba su shi da safe lokacin da yunwa ta fi, atimiya ta biyo baya. Kada ka yanke atimiya sai mako na 5 ko 6. Idan jikinsu, ban da fiffike, ya kai santimita 1.5, lissafa lita 2 ga kowane ɗaya, idan ya kai santimita 2.5 lita 4. Robar wanka babba ko rabin durom na roba mai tsabta da filtar soso yana yin wannan aiki, in dai zurfinsa ya kai santimita 35. Rarraba su bisa girma duk mako biyu, manyan suna hana ƙananan ci. Da abinci mai kyau da canjin ruwa, a mako na 8 zuwa 10 sun kai a bayar ko a sayar.

Masu nakasa a fili, karkataccen baya, rashin dogayen fiffiken ciki, masu jan ciki, a cire su tun suna ƙanana. Hanyar da ba ta da azaba ita ce man kanumfari: mililita 0.4 a lita 1, a fara kaɗa shi da ɗan ruwan ɗumi a kwalba har ya yi fari, a riƙa zubawa a hankali cikin minti 5, kifin ya yi barci, a bar shi a ciki har numfashi ya tsaya ya ƙara minti 10. Idan kuma ka ga nakasa iri ɗaya tana maimaituwa a kowace haihuwa alhali ruwa na da tsabta, to daga iyayen ne, watakila wa da ƙanwa ne daga zubi ɗaya, sai ka nemo namiji daga wani wurin.

Maman Ilham:

Abu ɗaya kafin ka sayi hitar: enjel suna son zuba ƙwai a jikinta idan tana tsaye, kuma da ta kunna ƙwan ya dahu. Kwantar da ita a kwance kusa da ƙasa, tayil ɗin kaɗai ya zama abin da ke tsaye a tankin. Ranar da ka ga suna goge shi da baki ba ji ba gani, bututun macen ya fito, rage iskar filta zuwa 'yar kumfa kaɗan har su gama, bayan awa biyu ka mayar da ita yadda take.